Mai Yage Shafi Na Biyu

Ta tagar ofishin tsofaffin sojojin ruwa a garin Norfolk, ma'aikaciyar wurin, Lorene, tana kallon wani dogon mutum da kwat ta yi masa yawa. Gemunsa ya kwana uku bai ga reza ba, yatsarsa ta tsakiya ta yi kanta irin ta wanda ya ƙarar da ƙuruciya riƙe da fensir. Ya rubuta buƙatarsa, ya yage shafin ya miƙo. Sai kuma ya yage na ƙarƙashi, wanda ba komai a kansa sai sawun rubutu, ya cusa a aljihu.

Ta san masu wannan ɗabi'a. Su ne suka shafe shekarun yaƙi a ɗaki marar taga suna warware saƙonnin sirrin jiragen abokan gaba, aka rantsar da su kada su faɗa har su shiga kabari.

"Fayil ɗinka cewa ya yi magatakarda ne kai," in ji ta.

"Baiwar Allah, taimaka ki sake dubawa. Layi ɗaya nake so da zai nuna ainihin aikin da na yi, da hatimi. Mahaifina yana asibiti, da wuya ya kai Juma'a. Ƙannena biyu teku ta cinye su a yaƙin. Shekara goma sha biyar ke nan yana kirana matsoracin da ya laɓe bayan tebur."

"To ka faɗa masa da bakinka mana!"

Ya dubi hagu, ya dubi dama, ya ɗauki hularsa.

"In faɗa masa me? Ni magatakarda ne."