Tafintan Agogon Toriyom

Benci ɗaya muka zauna ni da shi a sakandare a Tambuwal, kuma a fiziks ni ke gabansa. Malamanmu da suka rage suna nan, a tambaye su. Shi ya samu tafiya Turai har ya zama Dakta, ni na samu alli, ina koyar da fiziks ɗin a Kebbe.

Bara ya zo ganin mahaifiyarsa, sai firinsifal ya gayyace shi ya yi wa ɗalibai da iyayensu jawabi. Ni aka naɗa tafinta, don Hausarsa ta yi tsatsa. Damuwata ɗaya: har ranar, ɗalibaina sun ɗauka fiziks a bakina ya tsaya, ban so su tashi sun raina ni ba. Sati guda na yi ina karatun aikinsa a waya.

Agogo shi da abokan aikinsa suke son ƙerawa. Suna cusa ƙwayoyin wani ƙarfe, toriyom, cikin dutse garai-garai kamar gilashi, su haska shi da tsinin hasken lesa har cibiyar ƙwayar ta amsa, da bugun hasken nan ake auna lokaci. Ranar taron, Dakta ya faɗi wannan da Turancin da firinsifal kansa gyaɗa kai kawai yake yi. Ni na ce cibiyar kamar ƙwallon goruba take, ɓawo kan ɓawo ya kare ta, hayaniyar waje ba ta cika isa gare ta ba, shi ya sa ba ta saurin ɓata lissafi. Na ga idanu sun buɗe.

Wani dattijo daga Fakku ya tambaya ko wanga agogo shina faɗin lokacin shan ruwa. Dakta ya yi minti biyar kan yadda zafin dutsen ke karkatar da awo.

"Baba, ya ce tukuna," na fassara. "Ku riƙe ladaninku da kyau."

Aka yi dariya, aka tafa wa Dakta. Na manta cewa a wurinmu maganar tafinta ta mai magana ce. Ba a taɓa yabon mai jan baki kan tafsiri ba.

Da aka watse, ɗalibar da ta fi kowa a ajina ta ce mini ashe fiziks na da daɗi in an samu mai bayani irin Dakta. Na zubar da girma na gaya mata misalin gorubar nawa ne.

"To, Malam," ta ce, cikin ladabin da ake yi wa tsoho in ya fara ruɗewa.