Japananci a Ɗakin Gwajin Ruwa

Tunda kun ce in ba ku labari ɗaya kafin in ajiye aiki, to ga wanda har yau bai fita daga raina ba: ranar da wata baƙuwa daga Japan ta zo ofishinmu, na buɗe baki na yi mata magana da yarenta.

Sai na ɗan koma baya. Lokacin da aka ƙirƙiro jihar nan a 1991, ina ƙaramar ma'aikaciya a ɗakin gwajin ruwa a Yola, mataki na shida. Da yake ni 'yar Zing ce, sunana ya faɗo cikin waɗanda aka turo Jalingo. Maigidana malamin makaranta ne, aikinsa ya tsaya can, yaranmu biyu kuma suka zauna a wurinsa. Na kama ɗaki ɗaya a Sintali, a gidan wata tsohuwar Bafillatana, Inna Dudu. Ɗakin gwajin da aka ba ni kuwa wani tsohon sito ne a bayan ofis. Ni kaɗai ce a ciki. Wata rana tun safe har a tashi, ban da masinja ba mai leƙo ni.

Ga waɗanda ba su san aikin ba, idan aka haƙa rijiyar burtsatse, sai an kawo mini ruwanta na duba kafin a ce jama'a su sha. Ɗaya daga cikin gwajin shi ne a zuba ruwan a kwalba, a sa masa wani gari ya koma ja, sannan a riƙa ɗiga magani ɗigo-ɗigo ana ƙirgawa har ya juya shuɗi. Yawan ɗigon shi ke nuna nauyin ruwan. Aiki ne na shiru da haƙuri.

Kamar shekara biyu da zuwana, shugaban sashenmu, Injiniya Hammanjoda, ya kira ni ofishinsa.

"Madam Ladi, mutanen Japan da za su taimaka mana da rijiyoyi za su ɗauki mutum ɗaya ya je kwas a ƙasarsu. Na ba da sunanki. Amma sun ce wanda ya ɗan taɓa yarensu zai fi samun shiga."

Ya miƙo mini wani littafi mai koren bango da kaset biyu da aka aiko daga Legas.

Na ce, "Ranka ya daɗe, wa zai koya mini?"

Ya yi dariya ya ce, "A garin nan? Ke da Allahnki."

A daidai lokacin ne maigidana ya samo wata mata a Yola da ke son dawowa Jalingo, a yi musayar gurbi, ni in koma wurin iyalina. Na ce masa a ɗan jira, idan na je kwas ɗin nan zan tsallake mataki biyu. Ya ce, "Ladi, ƙaramar nan ta daina tambayar yaushe za ki dawo." Na ji maganar har cikin ƙashina, amma na zauna. Matar ta samu wani suka yi musayar.

Littafin ya ce yare ba ya zama sai mutum ya kewaye kansa da shi kullum, kamar yana zaune a ƙasar. To ni ina Sintali. Sai na ƙirƙiro wa kaina Japan a ɗaki ɗaya. Na yanka kwalin sabulu ƙanana, na rubuta sunan kowane abu da harufansu na manna: ƙofa, tukunya, fitila, randa. A jikin randar na rubuta mizu, wato ruwa. A ɗakin gwaji ma haka, kowace kwalba da sunanta. Kaset ɗin nan na ji su har ɗaya ya tsinke, na haɗa shi da jan farce. Na sayi rediyo mai gajeren zango a kasuwar Jalingo, na gano akwai tashar da ke kamawa daga Japan da yamma. Na ɗaura waya a jikin eriya na maƙala a bishiyar darbejiya. Wani lokaci darasi ne da Turanci, wani lokaci labarai ne da yarensu, in zauna ina tankaɗe ina saurare, ba na fahimtar komai sai kalma ɗaya nan, ɗaya can. Idan na tsinci wadda na sani, sai in ji kamar na hango ɗan garinmu a tasha.

Abin karatu ne ya yi wuya. Wata rana na bi ta layin masu kayan gyaran mota, na ga wani ɗan kasuwa yana kwance kaya daga kwali, an naɗe ƙarafan da takarda mai rubutun Japan. Na roƙe shi. Ya dube ni ya ce da gurguwar Hausarsa, "Madam, za ka soya ƙosai da shi?" Ya ba ni guda mai launi, wadda mai bai ɓata ba sosai. Na goge ta da dutsen guga, na sa a leda. Wata da watanni ina bin ta harafi-harafi. Ƙananan harufan na iya karanta su, manyan masu kama da zanen gida suka gagare ni. Na ɗauka wani muhimmin labari ne.

Magana kuma da kaina nake yi. In gaida kaina da safe, in amsa. In tambayi kaina ina tashar jirgi, in nuna wa kaina hanya. Har Inna Dudu ta tare ni wata safiya ta ce, "Ɓingel am, 'yata, da wa kike hira a ɗaki? In wani abu ya taɓa ki, ki faɗa, akwai masu magani." Na yi mata bayani, ta gyaɗa kai, amma daga ranar ta hana jikokinta shiga ɗakina. A ofis kuwa suna suka sa mini, Madam Tokyo. Ban cika zuwa hira ba, ban cika zuwa biki ba. Ranakun hutu da ya kamata in hau mota zuwa Yola, wasu na zauna saboda darasin rediyo.

Da damina ta gaba aka ce baƙuwar za ta zo duba ruwan rijiyoyinmu. Sunanta Mori, masaniyar gwajin ruwa ce, ƙaramar mace mai gajeren gashi da hular kaki. Injiniya ya tara ma'aikata a ofishinsa, ya ce, "Muna da mai jin yarenku. Madam Ladi, bismilla."

Na sunkuya yadda littafi ya nuna, na faɗi gaisuwar da na maimaita sau ba adadi: sunana, aikina, da farin cikin ganinta. Fuskarta ta buɗe. Sai ta kama magana, da sauri, da murna, hannu yana tashi. Na tsaya ina kallon bakinta. Ko kalma ɗaya ban kama ba. Muryar kaset tana jiran mutum, tana maimaitawa. Wannan ba ta jira.

Injiniya ya ce, "Me ta ce?"

Na ce, "Ranka ya daɗe, ban ji ba."

Wani daga baya ya ce, "Madam Tokyo, batir ya ƙare?" Aka yi dariya. Baƙuwar ta gane, ta juya zuwa Turanci, wanda ashe ta iya sarai. Ba ta ma buƙatar tafinta.

Washegari aka tura mu Iware ɗebo ruwa, ni da ita da direba. Muka kama hanya daga Jalingo. Tunanin yarana nake yi, da abin da na musanya su da shi. A bakin wata rijiya kusa da gonakin masara na shimfiɗa kayan aiki a inuwar mangwaro, direba ya tafi neman abinci. Na sa gari, ruwa ya yi ja, na fara ɗiga magani. Ban san ina ƙirgawa a fili ba, da yarensu, kamar yadda na saba a ɗakin gwaji: ici, ni, san, shi. Sai na ji wata murya a gefena ta kama, a hankali: go, roku, nana. Muka ƙirga tare har ruwan ya juya. Ta nuna kwalbar ta ce, "Aoi." Shuɗi. Na sani. Na ce, "Aoi."

Daga nan ta riƙa yi mini magana kamar yadda ake yi wa yaro mai koyon tafiya, kalma biyu, ta tsaya. Ta tambaye ni ko ina da yara. Na ce biyu, suna nesa. Ta ɗaga yatsa ɗaya, ta ce tata mace ce, tana wurin kakarta, rabonta da ita tun bara.

Na ciro takardar nan daga jaka na miƙa mata, na roƙe ta ta gaya mini abin da ke ciki. Ta duba, ta rufe baki tana dariya. Ta ce da Turanci tallar wani kanti ce, an rage kuɗin kabeji da kifi. Abin da na yi watanni ina wa hidima ke nan. Ni ma na yi dariya har da hawaye. Amma da na ɗago sai na ga ita ta daina. Ta ɗora yatsa a kan hoton kifin, ta ce irinsa mahaifiyarta ke gasa musu da safe. Ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Samishii."

Babu kalmar a littafina. Na tambaye ta. Ta nemi ta Turanci ta rasa wadda ta gamsar da ita, sai ta dafa ƙirjinta, ta nuna hanyar da babu kowa a kai. Na ce mata da Hausa muna cewa kewa. Ta maimaita, "Kewa." Muka zauna nan har direba ya dawo da gasasshiyar masara.

Kwana uku ta yi ta tafi. Ta ce za ta rubuta sunana a rahotonta, kuma na yarda ta rubuta. Amma kafin shekara ta zagayo al'amuran ƙasa suka rikice, aka dakatar da shirin gaba ɗaya. Ba ni ba, ba wani ba, ba wanda ya je. Sai da maigidana ya samu canji ya dawo nan bayan wasu shekaru muka haɗu wuri ɗaya. Lokacin ƙaramar ta girma, in ta ji ciwo wurin babanta take gudu. Ban sake samun wanda na yi yaren da shi ba, yau kuma yawancinsa ya tafi.

Abin da na ɗauka daga wannan, littafi da kaset da rediyo sun kai ni bakin ƙofa, amma hirar rabin yini da mutum mai haƙuri ta fi su duka. Haka aikin nan namu yake. Za a turo muku yara daga nesa, a ba su ɗaki da kayan aiki da littafin ƙa'ida, a ɗauka an gama musu komai. Ba a gama ba. Ku leƙa su. Ku ja kujera ku zauna, ku yi musu magana a hankali, ku tambaye su wa suka baro a gida. Shekara uku na yi a wancan siton, kuma mutum na farko da ya yi mini wannan tambaya sai da ya taso daga Japan.