Keken Baba a Hoto

Wata Lahadi a kakar gyaɗa, ina 'yar shekara takwas, saura 'yan shekaru a sami mulkin kai, na fara ganin duniya a kife. Ranar kasuwar Jibiya ce, na kai tallan dafaffiyar gyaɗa bakin shingen iyaka, sai na tarar da wani baƙo ya kafa akwati mai ƙafa uku, ya lulluɓe shi da baƙin ƙyalle. Wai hoton cunkoson safiya yake son ɗauka: kekuna, jakuna da raƙuman da ke kwararowa daga ƙasar Faransa, wato Nijar ta yau, kowa na neman riga wani wucewa. Ni kuwa da shegen son sani, na ishe shi da tambaya har ya bar ni na cusa kaina cikin ƙyallen. Na ga raƙuma na tafiya ƙafafu a sama, kekuna na gudu a rataye. Ya ce mini, "Duk wanda ya motsa ba zai fito ba."

Can sai ga Baba a kan kekensa. A gidanmu ba wanda aka taɓa ɗauka, na kuwa ƙudura shi zai zama na farko. Na ruga na riƙe masa keke ina roƙo. Ya ce, "Ke ɗiyag ga, mi za ni yi da hoto?" Duk da haka ya sauka, ya kafe keken, ya gyara hula, ya ƙame. Baƙon ya buɗe idon akwatin ke nan, sai ga Kaka, mahaifin Inna, a kan jakinsa daga Daddara. Baba bai taɓa tsayawa ƙiƙam a gaban surukinsa ba. Ina kallo ya zare takalmi ya durƙusa.

Da hoton ya fito, baƙon ya miƙo mini, ya ce ya lalace. Hanya duk ta zama hayaƙi. Keken kaɗai ya fito tangaran, a gefensa wata farar inuwa a ƙasa. Na yi kukan takaici, Baba yana ta dariya. Daminar da ta biyo baya ya rasu.

Yau babura ne ke cushewa a wurin, jikokina na ɗaukarsu da waya suna tsaka da gudu, kowace fuska ta fito. Ni fuskar Baba ta ɓace mini tuntuni, ina kuma kewarta. Amma duk tsohon Jibiya da na nuna wa inuwar nan a durƙushe, bai taɓa tambayata ko wane ne ba.