Jabar da buhun dankalinsa

A kasuwar Barkot ana cewa ɗan gwaggona Jabar Singh ya auri buhun dankali, wai kullum sai ya goya amaryar a kwando ya zaga da ita gona yana mata hira. Ƙarya ce, da an yi biki ai ni zan fara cin tuwo. Goyon da hirar dai gaskiya ne.

Tun gemu bai fito masa ba Jabar ke ɗaukar masu ziyara a kwandon baya zuwa ɗakin bauta na Yamunotri da ke can saman dutse. Ya goyi tsofaffin birnin Dilli, ya goyi wani attajiri da na rantse sai da dutsen ya yi nishi. A can sama akwai marmaro mai tafasa. Kowa ƙulla shinkafa yake a ƙyalle ya tsoma, ta dahu, ya kai gida don tabarraki. Duk shekara Jabar na kawo wa mahaifiyarsa, Gwaggo Bachuli, nata ƙullin. Ita kuwa so take ta tsoma da hannunta. Amma lokacin ziyara shi ne lokacin nema, ga baunar da suke tatsa ba mai kula da ita, sai ya ce, "Baɗi, Inna."

Baɗin nan ta cinye wa Gwaggo ido, ta cinye wa Jabar gwiwa. Likita ya ce ko tulu kada ya ƙara ɗauka. Na kawo shawarar alfadari, Gwaggo ta yi tsaki.

"Kai Makhan, ya goyi uwayen duniya, ni ce za a ɗora wa dabba? A bayansa zan je, ko in haƙura."

Shi ya sa yake lallashin gwiwar da buhu mai nauyin Gwaggo daidai. Da safe yakan ɗaga Gwaggo ya fito da ita rana, sannan ya je ya ɗaga buhun ya gwada. In buhun ya fi ta, sai ya kwashe dankali ya zuba wa matarsa a kwano. Tun ƙarshen damina ba abin da ake ci a gidan sai miyar dankali, kuma ba mai tambaya. Ita Gwaggo tana zaune da ƙullin jar shinkafarta a bakin zane, tana tambayar ko dusar ƙanƙara ta sauko, don da an gama bikin Diwali za a rufe ɗakin bautar sai wata shekara.

Jiya na same shi yana sake kwashewa. Buhun ya zama kamar matashin kai. Na san Gwaggo ce ke ƙarewa, amma bakina bai san kunya ba.

"Ango, amarya ta rame! In ka ƙara haƙuri, a aljihu za ka kai ta."

Ko kallona bai yi ba, ya ci gaba da ɗaure igiya.

"Kai da ba ka taɓa ɗaukar komai ba sai gulma. Zo ka ɗaga mini kwandon nan. Gobe za mu hau, kafin dankalin ya ƙare."