Allon da Kafinta Ya Ƙera wa Malama

Duk unguwar, Malama ake ce mata, har mijinta. Lissafi take koyarwa a ajin ƙarshe na firamare, kuma tun tana 'yar makaranta ba a taɓa kiran sunan wani kafin nata ba ranar ba da sakamako. Irin mutanen nan ce da ko awon jini aka yi musu sai sun tambaya wa ya zo na ɗaya. Mijin kuwa kafinta ne, shagonsa na bayan gida, mutum mai sanyin hali wanda ya daɗe da gane cewa gardama da Malama ɓata yawu ne. Idan suna shiri Baban yara take ce masa. Idan ya ji ta ce Kafinta, to ya san yau akwai magana.

Ciwon da ido ya fara. Wata safiya ta tashi tana ganin hazo a idon hagu, ya yi kwanaki ya tafi. Bayan shekara ƙafar dama ta soma jan ƙasa. Aka yi ta yawon asibiti har aka dace da likitar jijiyoyi, wata mace mai magana a hankali, ta ce cutar da suke kira MS ce. Ta bayyana wa kafinta da abin da zai gane: jijiya kamar wayar lantarki take, da robarta a jiki, to garkuwar jikin Malama ce ta rikice take cin robar. Ciwon yakan zo ya lafa, ya sake dawowa, kuma abin da ya ci ba kullum yake mayarwa ba.

Likitar ce ta kawo maganar binciken. Ana gwada sabon magani. Wasu za a ba su shi, wasu kuma tsohon da aka sani, kuma ba majinyaci ba likita, babu wanda zai san wanda ya samu. Ta jaddada abu guda har sau biyu, tana duban su duka: idan jiki ya ƙara lalacewa a faɗa da wuri, za a tsayar da na gwajin a koma wani mai ƙarfi. Kafinta ya riƙe wannan. Malama kuwa abin da ta riƙe daban, wato duk bayan 'yan watanni za a riƙa gwada ta.

Gwajin ba wani abu ba ne. Tafiya a baranda ana duba agogo, sai wata takarda ta haɗa alamomi da lambobi, sai wani ɗan allo mai ramuka tara da ake cusa wa 'yan sanduna ɗaya bayan ɗaya a kuma zare su. Ranar farko tana gamawa ta dubi nas ɗin da ta gwada ta ta ce, "Nawa na ci?"

"Ai ba a ci ba a faɗi, Malama. Yadda hannun yake kawai muke so mu gani."

Malama ta yi murmushin da take yi wa iyayen yara idan sun ce ɗansu yana karatu a gida. A duniyarta babu inda ake riƙe agogo da biro a ce ba maki ake bayarwa ba.

Suna isa gida ta zana allon a bayan wata tsohuwar takardar jarrabawa, da faɗinsa da zurfin ramukan, ta miƙa masa.

"Malama, anya wannan ba satar amsa ba ce?"

"Bita ce. Ka taɓa ganin an shiga jarrabawa ba bita?"

Ya ƙera. A nan ne fa kafinta ba shi da bakin kare kansa, domin ba ƙerawa kawai ya yi ba, har goge shi ya yi ya shafa masa fenti. Ya ga matarsa ta kwana biyu ba ta yi dariya ba, ga abin da zai faranta mata a hannunsa, sai ya bi son zuciya. Tun daga nan, da ta dawo makaranta sai ta baje allon a teburin cin abinci, ƙas, ƙas, ƙas, har sautin ya zame masa ciwon kai. Idan ranar asibiti ta matso sai ta ɗauki hutu ta kwanta, ba girki ba wanki, tana tara ƙarfi. Ta je ta juye shi duka a gaban nas, ta dawo ta yi kwana biyu ba ta iya ɗaga kofi.

A takardun asibiti hannun Malama lafiya lau. A gida kuwa kofunan tangaran suka ƙare ɗaya bayan ɗaya har aka koma na roba. Makin da take ba yara da jan biro ya fara karkacewa, sai ta koma sa su musanya littattafai su duba wa juna, ta ce sabon salon koyarwa ne. Maɓallan riga suka gagare ta. Kowace safiya kafinta ne ke tsayawa a gabanta da manyan yatsunsa masu kanta yana ɓalla mata, ita kuma tana kallon silin tana yi masa faɗan ya cika nawa. Yatsunta sun haddace hanyar ramukan nan tara, amma sun manta kusan komai.

Ya yi magana, ba a ce bai yi ba. Ya yi ta lallami, ya yi ta zolaya, ya tuna mata abin da likita ta ce. Ta yi kunnen uwar shegu. Ran da ya matsa, ta ajiye sandunan ta ce, "Kafinta, ka san abin da shugaban makaranta yake jira? Ya ji an ce hannuna ya mutu, ya mayar da ni ɗakin ajiyar littattafai in riƙa ƙirga kwali. Ni da ajina sai dai a fitar da ni a kwance."

"To asibitin ne za su kai masa rahoto?"

"Magana ba ta da ƙafa, amma tana tafiya."

"Gyara kayanka ai ba sauke mu raba ba ne. Hannun nan naki ne fa, ba na shugaban makaranta ba."

"Tun da nawa ne, ka bar mini abina."

Haushi ya ishe shi ya koma shago ya yi ta bugun ƙusar da ba ta yi masa laifin komai ba. Abin da ya fi ci masa rai shi ne, mace mai ilimi, wadda za ta kama yaro da amsa a tafin hannu daga ƙarshen aji, ita ce ke zaune tana yi wa jikinta maguɗi. Kuma shi ne ya sassaƙa mata kayan aikin.

Ranar da tura ta kai bango, a ofishin likita ne. Malama ta gama gwajinta, ta zauna ta miƙe wuya. Likita ta duba takardu ta ce abin ya yi kyau, hannun bai canja ba, har ya ɗan fi na baya sauri. Sannan ta yi tambayar da take yi kullum, ko akwai wani sabon abu a gida.

"Babu," in ji Malama.

Kafinta ya dubi hular da ke hannunsa. Ya ce, "Likita, rigar nan da ke jikinta ni na ɓalla mata. Tun kafin hutun makaranta ni nake ɓallawa. Kuma akwai irin allon nan naku a gidanmu, ni na ƙera."

Malama ba ta ko juyo ba. Likita ta ajiye biro, ba ta yi faɗa ba, ta ce a hankali, "Malama, ɗan ɓalle mini maɓallin hannun rigar, ki mayar."

Ta ɓalle da ƙyar. Mayarwar ce ta ƙi. Yatsun suka yi ta zamewa, ita kuma ta ƙi bari, har sai da likita ta ɗora hannu a kan nata.

"Idan maganin bai yi miki aiki ba, shi ne ya faɗi, ba ke ba," in ji likita. "Kuma muna bukatar mu sani, saboda ke da kuma waɗanda za a ba shi nan gaba." Ta ce za a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa cikin makon, a tsayar da na gwajin, a fara mai ƙarfin nan. Kafinta ya tambaya ko hannun zai dawo. Ta ce za a yi ƙoƙarin tsare abin da ya rage, amma watannin da suka wuce ba za ta yi masa alkawari a kansu ba.

Suka fito. Ta riga shi gaba a barandar, tana jan ƙafa, bayanta a miƙe. Sai da suka isa inda ake jiran bas ta buɗe baki, idonta na kan titi.

"Ka kayar da ni a gaban mutane."

"Na kayar."

"Ba za ka ce in yi haƙuri ba?"

"Ba zan ce ba. Haƙurin da zan ba ki na allon ne, da ban ƙera ba."

Bas ta zo, matakalarta da tsayi. Malama ta tsaya tana dubanta, mutane na turowa ta baya. Sai ta miƙo masa hannun dama ba tare da ta kalle shi ba. Ya kama. Ya jira ya ji ta damƙe shi, ya ga jijiyar wuyanta ta tashi alamar iya ƙarfinta ke nan, amma yatsun kwanciya kawai suka yi a tafinsa, da sanyi. Duk watannin nan yana ganin ya san iyakar ɓarnar, ashe bai sani ba. Ya sa ɗaya hannun ya tallafo gwiwar hannunta, suka hau.