Waƙar da Aka Gwada a Tuk-tuk

Jiya na hau tuk-tuk, wato keken a-daidaita-sahu, a unguwar Ard al-Liwa ta Alƙahira, direban ya kunna waƙa, sai na ji muryar wani abokina marigayi. Shekara biyu ke nan da muka binne shi.

Bahaushen Sudan ne, mawaƙin rege, yana kuma haɗa wa wasu kiɗa a wani ɗan ɗaki mai ƙamshin turaren wuta da gahawa. Na ga masu wannan sana'a a Landan da Abijan, dukkansu da manyan lasifika suke auna aikinsu. Shi kuwa ba ya sakin waƙa sai ya gwada ta a tuk-tuk.

Wata rana da hantsi ya ja ni muka hau, ya ba direba sabuwar waƙarsa ya kunna. Waƙar reno ta mahaifiyarsa ce ya ɗora a kan rege, domin Hausa ta fara kuɓuce wa 'ya'yansa da aka haifa a Alƙahira. Muna shiga kasuwa, nauyin kiɗan da hayaniya suka haɗiye kalmomin.

Na ce, "Malam, ai nauyin nan shi ne rege."

Ya ce, "Ma'alish, yi haƙuri, Alhaji. In yarana ba su ji abin da kakarsu ta ce ba, wa na yi wa?"

Sau uku yana komawa yana rage kiɗan, muna sake hawa, har kowace kalma ta fito.

Da na sauka jiya, na wuce gidansa gaisuwa. Na tarar da babbar 'yarsa tana rarrashin jaririnta da waƙar, ba ta kuskure kalma ko ɗaya ba.

Allah ya haskaka kabarinsa, ya sada shi da mahaifiyarsa, mai waƙar, a Aljanna.