Katakon Boris a Bakin Tafki

Shekarun da aka mai da Dutse babban birnin jiha, 'yan kwangila suka zuba wani daɓen siminti a bakin tafkin unguwarmu, suka tafi suka bar shi. Ga faɗi, ga gangara har kusa da ruwa. Yara suka gaje shi. Su samo katako, su buga masa boris huɗu na tsohuwar mota, su hau su sulalo, ƙarar har tsakar gida.

Autana kuwa cutar shan inna ta shanye masa ƙafafu tun yana shekara biyu. Ya kai sha ɗaya iyakarsa zaure, nan yara ke zuwa su yi masa hira. Ni na hana shi fita. Gidanmu gidan shanu ne, ba mu taɓa miƙa wa kowa hannu ba, kuma duk gurgun da na taɓa gani a kan katako mai taya, roƙo na gan shi yana yi a bakin kasuwa.

Rannan ƙanena kafinta ya kawo masa nasa katakon, har da shuɗin fenti. Yana fita na sa gatari na faskara shi, na tuƙa tuwo da shi. Yaron bai yi kuka ba. Tuwon ne bai ci ba, magana kuma tsakaninmu sai gaisuwa.

Kwana tara muna haka. Ran na goma na ɗauki tulu na nufi tafki, alhali randa cike take. Na tarar da yaran suna wasa, ashe ƙa'ida gare su, a kan daɓen nan ba a tsayuwa. Kowa zama yake, ya naɗe ƙafafu, ya zura silifas a hannu ya tura. Ɗan liman, ɗan ma'aikacin sakatariya, duk haka. Wanda ƙafarsa ta taɓa ƙasa ya faɗi, a yi ta yi masa tsiya.

Ɗayansu ya ce min, "Iya, ina mutuminmu? Da damatsan nan nasa ai duk sai ya ba mu kashi."

Daga nan shagon ƙanena na wuce, ni da ban taɓa ba shi haƙuri ba tunda aka haife shi. Na ba shi, na ce ya yi wa yaron wani katakon. Ya ce boris ya yi wuya, sai ranar kasuwar Jahun.

Da aka kawo sabon, ni na goya yaron har bakin daɓen, mutane na kallo. Na sauke shi, ya hau, ya tura. Bai waiwayo ba. Ina tsaye da zanen goyo a hannu har ya kai ƙarshen gangara.